Kuɗɗinka ne, buɗe baki ka tambaya

 Yau maganar banki za mu yi, kuma na san akwai waɗanda ba za ta yi ma daɗi ba.

Duk ƙarshen wata, in albashi ya sauka, ƙorafi iri guda ke yawo a fada, a bakin lakwal, a gidan likita: "An cire mini kuɗɗi, ban san ko na mine ne ba." Mutum ya duba saƙon waya, ko takardar lissafin asusunsa wadda muke ce ma relevé, sai ya ga layi guda: PAIEMENT TPE, sai wani suna da bai taɓa ji ba, sai NIAMEY, sai jika 14 da dala 100. Shi kuwa rabonsa da Yamai tun bara. Daga nan jama'a ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce sai haƙuri, banki ya fi ƙarfinmu, Allah ya isa. Wasu su koma gida da zafi, su tuhumi uwargida, ko ɗa, ko ƙanen da ake aike da kati. Ni a ganina duka biyun kuskure ne, na farko yana cin dukiya, na biyu yana cin zumunci. Akwai kuma mai laifi na uku da ba a cika ambata ba, shi ne bankin da ke rubuta ma talaka lissafin kuɗɗinsa da harshen da ko mu da munka yi lise sai mun karanta sau uku kafin mu gane.

Na san wani zai ce, malam, ina Galma ina supermarché? Gaskiya ne, a kasuwanninmu kuɗɗi hannu ake yi, gero hannu. Amma malamin makaranta da ɗan kwantiragi da ma'aikaciyar likita da mai ritaya, da yawansu ta banki ake biyansu. Dillalin albasar fadamar Tarka da ke kai kaya Akara da Abijan yana da asusu. Ɗan cin rani yana da kati a aljihu. Waɗanga mutane suna zuwa Tawa, Ƙonni, Maraɗi da Yamai, suna shiga babban kanti da farmasi da gidan mai. Kuma ba mu manta da abin da ya faru ba bayan takunkumin da CEDEAO da UEMOA sunka sa ma Nijar ranar 30 ga Yuli 2023, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024: takardun kuɗɗi sunka yi wuya, bankuna sunka ƙayyade abin da mutum zai iya cira, anka yi ta kwana a layi. A lokacin ne mutane da dama sunka fara miƙa kati a kanti, alhali babu wanda ya zaunar da su ya koya musu yadda abin zai fito a takarda. Saboda haka maganar tamu ce.

Bari mu fara da gaskiyar da masu saurin fushi ba su son ji. Layin da ba ka gane ba, sau da yawa sayayyarka ce da kanka, ta sake kama.

Sunan da ke rubuce a allon ƙofar kanti daban, sunan da mai kanti ya yi rajista da shi a wurin hukuma da banki daban. Ƙaramar na'urar nan da ake sa kati a ciki, TPE, sunan rajista take aikawa. Kai ka san kantin da sunan unguwa ko sunan ɗiyar mai shi, banki kuwa ya san shi da ETS wane da wane, ko wasu haruffa huɗu da SARL a ƙarshe. Layin ma gajere ne, ana datse sunan, rabi ya fito rabi ya ɓace.

Garin da anka rubuta shi ma yana iya ruɗa ka. In kamfanin yana da hedkwata a Yamai, can anka buɗe asusun na'urar, to ko a Ƙonni ka sha mai, NIAMEY kana iya gani.

Sai kwanan wata. Relevé yana ɗauke da rana biyu, ranar aiki da abin da suke kira date de valeur, kuma cinikin da ka yi daren Juma'a yana iya fitowa Litinin ko Talata, don sai mai kanti ya tura lissafin na'urarsa, bankinsa ya nemi kuɗɗin a wurin bankinka. In bankunan biyu daban ne, sai an bi ta GIM-UEMOA, ƙungiyar da anka kafa a 2003 mai mazauni a Dakar, wadda ke haɗa katunan bankunan ƙasashe 8 masu amfani da sefa, ko kuma ta Visa ko Mastercard. Mutum ya ce ranar Talata ina gona, ƙaƙa za a ce na sayi kaya? Ba Talata ka saya ba, malam, Talata anka rubuta.

In kuma a waje ka yi sayayya, a Sakkwato ko Makka ko ta intanet da dala ta Amurka, adadin ba zai yi daidai da lissafin da ka yi a ka ba. Sefa da yuro ne kawai ke ɗaure, yuro guda sefa 655,957. Naira da riyal da dalar Amurka kullum motsi suke, kuma banki yana ɗora ladan canji.

Duk wanda ya san waɗanga abubuwa huɗu, rabin faɗan da ake yi a gidaje a kan kati ya mutu. Zato zunubi ne, iyayenmu sun faɗa. Akwai matar da za a kira ɓarauniya a gaban ɗiyanta saboda buhun shinkafar da maigida ya saya da hannunsa ya manta. In gaskiya ta fito daga baya, kuɗɗin dai ba su ɓata ba, amma kalmar da anka faɗa ba ta komawa ciki.

To, yanzu ga ɗaya gefen, wanda masu cewa a yi haƙuri ba su son ji. Wani lokaci kuɗɗinka ne da gaske sunka tafi, kuma in ba ka yi magana ba babu mai maido maka.

Hanya ta farko rezo. Kowa ya san halin rezo a ƙasarmu. An sa kati, ka buga kod, na'ura ta yi ta juyi, sannan ta ce ba a yi ba. Yaron kanti ya ce a sake. Aka sake, ya wuce. Kai ka ɗauka sau guda ka biya, ashe bankinka ya riga ya riƙe kuɗɗin farko, amsar ce ba ta iso ga na'ura ba. Wani lokaci riƙon yana sakin kansa bayan ƴan kwanaki. Wani lokaci yana zama cira ta gaske, layi biyu, adadi guda, suna guda, minti biyu tsakani. Wanda ya jefar da tiken farko mai cewa ba a yi ba, ya jefar da babbar shaidarsa.

Hanya ta biyu, ƙarin da wasu masu kanti ke yi. Kaya na jika 10, sai a ce in da kati ne sai ka ƙara dala 40 ko dala 100, wai kuɗɗin na'ura. Alhaji mai kanti, da girmamawa nike faɗa maka, wanga lada tsakaninka ne da bankinka. Kai ka sa hannu a yarjejeniyar, kai ke cin moriyar na'urar: ba a kawo maka jabun takarda, ba ka neman canji, ba ka kwana da kuɗɗi a aljihun tebur. Ɗora ladan a kan malamin da ya zo sayen madarar jariri, ba tare da an rubuta a tike ba, cin haƙƙi ne ko da dala guda ce.

Hanya ta uku, biyan da ke maimaita kansa. Yaro ya ari kati sau guda ya sayi wani wasa ko wani fim a waya, ko kai da kanka ka biya talla a Facebook, lambar kati ta zauna a can, duk wata ana cira. Sunan da ke fitowa baƙo ne, garin kuwa wani birnin Turai. Wanga ba laifin banki ba ne, kuma ba zai tsaya ba sai an shiga an soke.

Hanya ta huɗu, ɓarayi. Lambobi 16 na gaban kati, da ranar ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayansa, sun isa a gwada sayayya da sunanka ta intanet. Abin da ya rage musu shi ne lambar sirrin da ke zuwa ta saƙo, shi ya sa suke kira da murya mai daɗi, su ce daga banki ne, za a gyara maka asusu. Babu bankin da ke tambayar kod ta waya. Wanda duk ya tambaye ka, kashe wayar.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na ce shirun namu ya yi yawa. Akwai doka, kuma ta daɗe. Ranar 25 ga Yuni 2014 babban bankin BCEAO ya fitar da umarni mai lamba 004-06-2014, ya fara aiki 1 ga Oktoba 2014, wanda ya jera ayyuka 19 da kowane banki a ƙasashen UEMOA zai yi ma mai asusu kyauta. A cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi. Akwai saukar albashi. Akwai ba ka relevé sau guda kowane wata. Akwai takarda ta shekara mai tattara duk ladan da banki ya cire maka. Akwai cirar kuɗɗi da duba abin da ya rage a na'urar GAB ta bankinka. Akwai tura kuɗɗi daga asusu zuwa asusu a banki guda. Akwai sanarwar shiga da fitar kuɗɗi ta hanyar na'ura. Akwai kuma, ku saurara da kyau, biyan sayayya da kati a cikin ƙasashen UEMOA. Ma'ana in ka sayi kayan jika 10 a Maraɗi ko Kwatano ko Abijan, jika 10 ya kamata bankinka ya cire, ba da ɗoriya ba.

Fiye da shekara goma ke nan. Ku tambayi kanku, mutum nawa a Galma ko Azarori ko Tamaske ya taɓa jin wanga jeri? Wane banki ya taɓa sayen minti biyar a rediyo ya karanta shi da Hausa? Tallar bashi muna ji, tallar sabon kati muna ji, ta haƙƙin mai asusu kuwa shiru.

Don adalci, ba kome ne kyauta ba, kada wani ya tafi ya yi ma ma'aikaci ihu a banza. Kuɗɗin kati na shekara, COTISATION CARTE, ana biya. Ladan riƙon asusun yau da kullum, TENUE DE COMPTE, ana biya, asusun ajiya mai littafi ne ba a biya ma. Cira a na'urar wani banki ana biya. In ka ci fiye da abin da ke cikin asusu, AGIOS na biyo baya. Gwamnati ma tana da harajinta a kan ladan banki. Amma kowane ɗaya daga cikinsu yana da farashi a rubuce, kuma wajibi ne banki ya manna jerin farashinsa inda jama'a za su gani. Abin da babu shi a jerin, ko yake cikin 19 ɗin can, kana da damar cewa a bayyana maka shi ko a maido.

Ga bankuna kuwa ina da magana kai tsaye. Kun karɓi albashin mutanen karkara, kun karɓi kuɗɗin albasa, to ku karɓi harshensu. Tun ranar 26 ga Maris 2025 kundin da ke mulkin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Mi zai hana a manna takarda guda a kowace ajans, da boko da ajami, mai fassara kalmomi goma da ke cika fitowa a relevé? Mi zai hana saƙon waya ya faɗi sunan kanti yadda jama'a sunka san shi? Kuma ku daina amsar nan ta "système ne". Système ba aljani ba ne, mutane sunka ƙera shi, kuma kowace cira tana da lamba, da awa, da lambar na'urar da anka yi ta. Dattijon da ya biya kabu-kabu daga ƙauye, ya bar aikin garka, ya yi awa uku a layi, ya cancanci a juya mishi fuskar kwamfuta a nuna mishi. Na san akwai ma'aikatan gishe masu haƙuri da ke yin haka, Allah ya saka musu. Bai kamata a ce sai ka yi sa'ar mutum ba.

To mi ya kamata mai asusu ya yi in ya ga layin da bai gane ba? A bi shi daki-daki.

Da farko duba adadin kafin suna. Ɗauko tikitocinka na kwana bakwai kafin ranar da anka rubuta, ka nemi wanda ya yi daidai. Shi ya sa nike roƙon kowa ya samu ambulan guda ko gwangwani, duk tiken na'ura ya shiga ciki, har wanda ya ce ba a yi ba. Tawadarsu tana gogewa da zafi, don haka a ɗauke su hoto da waya.

Na biyu, tambayi mutanen gida cikin lumana. "Ko akwai wanda ya yi amfani da kati ranar kaza?" ya isa. In kuwa kai ka ba da kati da kod da hannunka, ka sani banki zai ɗauka kai ka yi, don yarjejeniyar da ka sa ma hannu ta ce kod naka ne kai kaɗai.

Na uku, in cira biyu ce ko ƙari, koma kantin da tike. Mai kanti yana da lissafin na'urarsa na kowace rana, zai ga ko sau biyu kuɗɗin sunka shigo mishi. Da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne, a nan take magana ke ƙarewa.

Na huɗu, in ka tabbata ba kai ba ne, ba na gida ba ne, kada ka jira wayewar gari. Kira lambar da ke bayan kati ko wadda banki ya ba ka, ka ce a toshe shi, abin da suke kira opposition. Ɓarawo yakan fara da ƙaramin adadi don ya gwada, in ya ga shiru ya dawo da babba.

Na biyar, wanda ya fi kowane muhimmanci: rubuta. Ƙorafin baki iska ce. Takarda guda ta isa: sunanka, lambar asusu, ranar cirar, adadin, kalmomin layin yadda suke, da abin da kake nema. Haɗa da hoton tike. Yi kofi biyu, a buga maka kashe da kwanan wata a kan naka. Wanda bai iya faransanci ba, ya samu malamin makaranta ko ɗansa ɗan kwaleji. Hukumar da ke sa ido a kan bankunanmu, Commission Bancaire mai mazauni a Abijan, ta fitar da ƙa'ida a 2020 wadda ta wajabta ma kowane banki tsarin karɓar ƙorafi da ba da amsa cikin wata guda. In wata ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana iya kai maganar gaban hukumar da kanta, kuma takardar nan mai kashe ita ce za ta tsaya maka.

Kada a yi nawa. Neman maido da kuɗɗin kati yana da wa'adi. A tsarin Visa da Mastercard yawancin ƙorafe-ƙorafe kwana 120 ne iyakarsu, yarjejeniyar bankinka kuma tana iya ba ka ƙasa da haka. Mai cewa sai bayan girbi zan je, yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Na san amsoshin da za a ba ni, don ina jin su kullum. Wani zai ce kuɗɗin kaɗan ne, kuɗɗin mota zuwa ajans sun fi su. In sau guda ne, wataƙila. Amma dala 100 duk wata jika 6 ce a shekara, kuma ba kai kaɗai ake cire ma ba. Ba dole kowa ya yi tafiyar ba: malaman makaranta guda suna iya tara takardunsu, mai zuwa gari ya kai, sandika ma tana iya ɗaukar maganar in ta ga abin ya shafi mutane da yawa. Takarda ashirin masu ƙorafi iri guda ba a ture su gefe kamar guda.

Wani zai ce shi ya sa ni ranar albashi nike kwashe kome in kai ɗaka. Dabararka ce, kuɗɗinka ne. Sai dai ladan riƙon asusu da na kati suna nan suna tafiya ko asusun babu ko dala, kuma in sunka tura ka ƙasa da sifili, agios ya hau. Mai kwashewa ma yana bukatar karanta relevé. Ban da haka, kuɗɗin ɗaka suna da nasu ɓarayin, ga gobara, ga gara, ga mai zuwa rance da ba a iya ce ma a'a.

Wani kuma zai ce Musulmi haƙuri gare shi, a bar ma Allah. Haƙuri gaskiya ne, amma addinin da ya yi umarni a rubuta bashi, ƙarami ko babba, a kafa shaidu, bai ce ka rufe ido a kan lissafin guminka ba. Kuɗɗin da ka bari sunka tafi na hatsin gidanka ne da maganin ɗiyanka. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce, kuma matambayi ba ya ɓata.

Abin da nike roƙo wanga wata guda ne. Duk mai asusu, in ya je ɗaukar albashi, ya ce a ba shi relevé nasa na wata, kyauta ne. Ya ce a ba shi takardar ladan shekara, ita ma kyauta ce. Ya zauna da biro ya sa alama a kan kowane layi: wanga na sani, wanga ban sani ba. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman iyayenmu masu ritaya da matan ƴan cin rani da anka bar ma kati. In kun ci karo da kalmar da ta gagare ku, ku aiko muna da ita kaɗai, ban da lambar asusu, ban da lambar kati, za mu fassara ta a cikin shiri don kowa ya amfana.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya tsare muna shi.